Kafin Ki Saki Hoton Usman

Dar Salam, Umdurman

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Iklas, 'yata, sallama gare ki, da gaisuwar uwa da albarkarta. Ina roƙon Allah ya tashe ki lafiya, ya sauƙaƙa miki hanyar Bur Sudan, ya kare motar da za ki shiga da direbanta da duk wanda ke ciki, ya haɗa ki da mutanen kirki a inda za ki sauka. Zan ɗora wannan takarda a kan mayafin tob ɗin da kika goge don tafiya, saboda ina so ki karanta ta kafin ki sa ƙafa waje. Da Hausa na rubuta, don Larabcina na kasuwa ne, ba ya ɗaukar abin da ke cikina.

Jiya mun fara magana ta ƙare da kuka. Kin shige ɗaki, ni kuma na zauna gaban murhu har wutar ta mutu. Kin san tun rasuwar yayanki Usman, in na buɗe baki a kansa muryata ba ta kai ƙarshen zance. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Maganar hoton nan ce. Kin ɗauko hotonsa na ranar Salla, yana cikin farar jallabiya yana dariya, kin jera kwalaben humrata a gefensa, kin rubuta a ƙasa wai turaren Usman, ƙamshin da ba ya mutuwa. Kin ce ranar Juma'a za ki sake shi a duk zaurukan mata na waya, kuma za ki nuna wa masu kamfanin da suka ɗauke ki aikin talla don su ga hannunki. Da na ce a'a, kika ce: "Yumma, ranar da na sa sanarwar rasuwarsa, waɗanda suka tura ta gaba sun fi na duk tallan da muka taɓa yi. Mutane suna sonsa. In suka ga fuskarsa dole su tsaya. Ni ba zan tafi in bar ki da kwalabe cike ba, ga Baba a zaune, ga burodi kullum sai ƙanƙancewa yake."

Na ji ki, kuma na san daga ƙauna maganar ta fito. Ba na zarginki da rashin son ɗan'uwanki. Ni na ga yadda kika faɗi a bakin ƙofa ranar da labarin ya zo. Abin da zan yi shi ne in gaya miki wuraren da ni na yi tuntuɓe a wannan sana'a. Wasu kin san rabinsu, wasu na ɓoye miki don kunya.

Da muka baro Jazira muka zo Dar Salam, kina goye, da tire nake yawo gida-gida ina sayar da turaren wuta da humra da dilka. Ba a koya mini komai ba, amma ƙofar gida tana koyar da mutum. In na ga takalma da yawa a bakin ɗaki, na san akwai baƙi, sai in rage murya. In na ji ba a ɗora tukunya ba har rana ta take, ba na buɗe tire, sai in gaisa in sha ruwa in fita. In matar gida ta fito da kumburarren ido, ranar ba ta ciniki ba ce. Ina shiga da idona da hancina da kunnena. Da kika girma kika koya mini sayarwa ta waya, ƙafata ta huta, kuma na gode miki har gobe. Sai dai saƙon waya yana shiga gida ba ya ganin takalma, ba ya jin ko an ɗora tukunya. Na daɗe ban gane haka ba.

Kin tuna Najat, amaryar da ke bayan masallaci? Wata rana itacen hayaƙi na duhan ya iso mini mai kyau, sai na danna waya na yi mata saƙon murya, irin maganar da muke yi tsakaninmu mata. Na ce: "Najat, ga itace ya zo, ga dilka mai laushi. Ki zauna a hayaƙin nan ki murza jikinki, wallahi maigida sai ya manta hanyar kasuwa." Ashe wayar tana hannun surukinta, tasa ta lalace. Maza suna zaune a kan tiren abincin rana, tsohon ya danna, muryata ta cika rumfa. Aka ce ya ajiye lomarsa ya ce: "Wace ce wannan da take so ɗana ya daina zuwa kasuwa? To wa zai ciyar da mu?" Maza suka yi ta dariya. Ni ma da aka ba ni labari na yi dariya har da hawaye. Amma Najat ba ta yi dariya ba. Ta daɗe ba ta iya kai wa surukinta shayi, mijinta ya karɓe wayar, kuma ba ta sake taka gidan nan ba. Maganar da na yi babu laifi a cikinta da a ɗakin mata ta tsaya.

Don haka, 'yata, a wurin aikinki in suka ba ki lambobin mutane, kada ki ɗauka kowace lamba mutum ɗaya ce zaune shi kaɗai. A unguwanni irin tamu waya ɗaya tana zagaya gida, daga miji zuwa mata zuwa tsoho zuwa yaran da ke wasa da ita. Ki rubuta abin da in aka karanta shi da ƙarfi a tsakar gida, matar da kika aika wa ba za ta sunkuyar da kai ba.

Na biyu ban taɓa gaya miki ba. Kin tambaye ni sau da yawa me ya raba ni da Mahasin, ma'aikaciyar ofis ɗin nan ta Khartum da take zuwa da motar haya, na ce miki ta sami mai rahusa. Ba haka ba ne. Mahasin ita ta sa ni a zauren waya na matan ofishinsu, kuma daga can ne muka sami cinikin da ya kai ki makaranta. Kullum da Larabci muke magana. Wata rana tana zaune a tsakar gidan nan ta ji ina yi wa Usman faɗa da Hausa don ya zubar mini da garin sandal, sai ta fashe da dariya ta ce da Hausa tsantsa: "Ƙyale shi, Asha'u, namiji ne, hannunsa ba na turare ba ne." Na saki baki. Ta ce kakanninta alhazai ne da suka taso daga yamma da ƙafa, suka tsaya a nan ba su koma ba. Ranar mun sha gahawar jabana muna ta hira da harshenmu har la'asar.

Ni da wautata sai na ga na sami hanya. Na ce in matan ofis suka ga ni da ita 'yan gida ɗaya ne, za su ƙara yarda da kayana. Washegari na yi saƙon murya a cikin zauren, da Hausa, na ce: "Mahasin 'yar gida, jikar alhazai, ga humrarki ta nuna." Can wata ta rubuta: "Mahasin, ashe ke Bafallata ce?" ta sa fuskar dariya. Kin san haka suke kiran mai asalin yamma a nan, kuma ba da girmamawa ba. Kafin magariba an cire ni. Ta kira ni, kuma da Larabci ta yi maganar: "Abin da na faɗa miki a tsakar gidanki, a tsakar gidanki na faɗa." Ta kashe.

Da farko haushi na ji. Na ce mutum ya ji kunyar harshen uwarsa? Babanku ne ya ce mini: "Ke kina zaune a Dar Salam cikin naki. Ita tana ofishin da in an ga dama za a ce ta kawo takardar kakan kakanta ta nuna 'yar ƙasa ce. Kin san abin da take haɗiyewa kullum?" Ban sani ba. Ko ta yi daidai da ta ɓoye ko ba ta yi ba, wannan tsakaninta da ranta ne. Ita ce mai ikon faɗa, a ranar da ta zaɓa, a gaban wanda ta zaɓa. Ni na ɗauki amanarta na yi talla da ita.

Kin ce mini kamfanin nan sun san abubuwa da yawa a kan masu sayensu, sun san wadda ta haihu da wadda za ta aurar da 'ya da wanda mijinta ke waje, kuma aikinki shi ne ki zaɓi wa za a aika wa me. To ki riƙe wannan. Sanin abu a kan mutum bai ba ki izinin kiransa da shi a ko'ina ba. Ki riƙa tambayar kanki a ina ya faɗi maganar, kuma wa yake tsammanin zai ji.

Yanzu sai na Batula. Wannan kin sani, amma kina makaranta ranar, ba ki ga abin da na gani ba.

Kin san al'adarmu. In an yi rasuwa a layi, aka shimfiɗa firash, wato zaman makoki, mata ba sa sa lalle, ba sa shiga hayaƙi, ba sa shafa humra. In wani gida yana da biki a kusa, ba a buga ganga sai dattawan gidan sun taka sun je gidan mamaci sun nemi izini. Yawanci masu makokin sukan ce ku yi bikinku, Allah ya sanya alheri. Amma sai an je. Sai an zauna a tabarmarsu an kalli idonsu. Tun ina yarinya a Jazira haka na gani, kuma ban taɓa jin wanda ya karya wannan ba sai ni.

Batula maƙwabciyata ce tun ranar da muka kafa tubalin farko a nan. Tare muka yi layin ruwa, tare muka yi goyon ku. Ɗanta Siddiƙ ya bi hanyar Libiya yana neman tsallaka teku. Kullum in ta shigo tana shinshina kwalabena takan ce: "Asha'u, ki ajiye mini mai kyau. Siddiƙ na tsallakawa zan haɗa masa shaila, a san ɗana ya yi aure." Shaila dai lefen da ango ke kaiwa, kuma turare shi ne rabinsa.

Ana gab da Babbar Salla, lokacin da aure ke yawa, kika haɗa mini wani talla mai kyau, hoton tiren amarya da waƙar biki a ƙarƙashi. Ni da kaina na zauna na zaɓo matan da ke da samari a gida, na ce su ne masu bukata. Na ji daɗin dabarata. Na sa kika rubuta: uwar ango, ki shirya, lokacin ɗanki ya zo. Da safe na tafi kasuwar Umdurman sayen sandal. Wayar tana ta motsi a jaka ban duba ba, ina ciniki, ina shinshina itace, mai shago yana ƙona mini samfuri. A cikin raksha, keken haya mai ƙafa uku, a hanyar dawowa, na tuna ban tura tallan ba. Ban buɗe ko saƙo ɗaya ba. Na danna, ya tafi.

A daidai lokacin, Batula tana zaune a kan gadon igiya, mata sun kewaye ta. Da hantsi wani ya kira daga Libiya ya ce jirgin ruwan su Siddiƙ ya kife, an tsamo wasu da rai, ana kan duba sunaye, zai sake kira. Ta riƙe wayar da hannu biyu ba ta yarda kowa ya taɓa ba. Sai wayar ta yi ƙara. Ta ce: "Ga shi! Yana da rai!" Ta danna. Waƙar biki ta tashi a ɗakin, da guɗa a ciki, da rubutuna a kan fuskar wayar. Ba ta iya kashewa ba, sai da wata ta fizge. Kiran gaskiya ya zo bayan azahar. Ba ya cikin waɗanda aka tsamo.

Na sauka daga raksha na ga ana kafa rumfa a ƙofarta. Da na tsaya na wanke jikina na sake tufa, da na rage wani abu. Sai na ruga ciki yadda nake, tob ɗina yana tashin sandal da hayaƙin kasuwa, kamar mai zuwa kamun amarya. Mata suka buɗe mini hanya ba wadda ta kalle ni. Wata ta raɗa mini abin da ya faru. Na durƙusa gaban Batula, kuma maimakon in ce ki yafe mini, sai bakina ya ce: "Wallahi ba ni ba ce, waya ce."

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce: "Wayar tana da yatsa, Asha'u?"

Ta juya fuskarta bango.

Kin ga, 'yata, a lissafin masu talla ban yi kuskure ba. Na zaɓi mutumin da ya dace, uwa mai ɗa namiji, wadda da bakinta ta ce tana son kayan. Lokacin biki ne, hoton ya yi kyau, waƙar ta yi daɗi. Abu ɗaya na tsallake, ban tsaya na ji abin da ke faruwa a gidan a wannan safiya ba, alhali labarin yana cikin jakata yana ta motsi. Na buga ganga a ƙofar gidan makoki ban nemi izini ba. Daga nan shekara ta zagayo har ta sake zagayowa, katanga ɗaya ce tsakaninmu, muna gaisawa a hanya kamar baƙi. Ta daina aiko mini da wainar kisra, ni kuma in zan haɗa turare sai in toshe tagar da ke fuskantar gidanta.

Shawarata a nan gajeriya ce. Kafin ki tura, ki fara karantawa. Ki ji me garin ya kwana da shi. Zamanin nan mutane a layin burodi da layin banki da layin mai suke duba wayoyinsu, wasu an kama musu ɗa ba su san inda yake ba, ba kuma su da bakin faɗa. Ranar da gari ya tashi da baƙin labari, ki ce wa maigidan aikinki a dakata, ko da zai ɓata rai. In kuma kika yi kuskure, kada ki ce na'ura ce. Ki ce ni ce, ku yafe mini.

Sai Allah ya kawo nawa. Usman ya tafi haƙar zinariya a arewa don ya gaji da zaman jiran aiki, rami ya rufta da shi da abokansa. Can aka binne shi. Ba mu da kabarin da za mu je mu tsaya. Aka shimfiɗa firash a tsakar gidan nan, kuma wayata tana ƙarƙashin matashi tana ta ƙara. Duk ƙara sai zuciyata ta ce ko an yi kuskure ne, ko wani Usman ne daban. In duba in ga wata tana cewa: "Hajiya, humrata fa? Bikin ranar Alhamis ne." In duba in ga kamfanin layi yana cewa in danna lamba in sa waƙa a kirana. Ranar na ɗanɗani abin da na ba Batula, da cokalin da na ba ta.

Ana cikin haka sai ga ta. Kin gan ta, amma kina wajen masu dafa shayi, ba ki ji abin da ta ce ba. Ta shigo ba ta yi kururuwa ba, ta zauna a gefena, ta sa hannu ƙarƙashin matashin ta zaro wayar. Ta ce wa 'yar ƙanwata ta buɗe mata zauren masu saye. Ta kai wayar bakinta ta ce: "Ni ce Batula, maƙwabciyar Asha'u. Gidan nan babu ƙamshi yanzu. Wadda take da biki Allah ya sanya alheri, ta nema a wani wuri. Wadda take da addu'a ta kawo da ƙafarta." Ta kashe wayar, ta naɗe ta a tsumma, ta jefa cikin gwangwanin sandal ta rufe. Sannan ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta ta ce: "Yi kukanki, na rufe mata baki."

Ita ta kwana da ni har aka naɗe firash. Kuma da kwanakin makoki suka wuce na ƙi taɓa kwalabe, ita ta shigo da kwanon lalle ta kama ƙafata da ƙarfi. Na ce ba na so. Ta ce: "Ni ma ban so ba, aka sa mini. Miƙo ƙafar, tsohuwar banza, kin fi ni son ɗa ne? Gobe ki buɗe kayanki, ni na ba ki izini." Ranar ce karon farko da na yi dariya bayan Usman. Ba mu taɓa tayar da maganar waƙar nan ba, ni da ita. Amma har yau in wayarta ta yi ƙara ina ganin kafaɗarta ta zabura.

To mu dawo kan hoton. Kin ce mutane da yawa sun tura sanarwar rasuwarsa, kuma gaskiya ne. Amma ki tuna su waye. Abokansa ne na ƙwallo, da direbobin raksha da yake taimaka musu gyara, da matan da yake ɗaukar musu jarkar ruwa, da iyayen da nasu 'ya'yan ke cikin ramukan arewa suna tsoron irin wannan kira. Ta'aziyya suka zo yi. Wayar ce tabarmar da suka samu suka zauna. In kika bi su da kwalba a hannu, daidai yake da a ce ranar firash na ɗauki tirena na bi layin masu gaisuwa ina cewa ga mai kyau, ga mai rahusa. Za ki yarda in yi haka? Ke da kanki za ki riƙe mini hannu.

Ba na cewa ba zai sayar ba. Na san zai sayar. Mata za su saya don tausayi, wasu su saya don kunyar a ce ba su saya ba. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, don in ya sayar za ki sake, masu kamfaninki su yaba miki, ki koyi cewa hawaye hanya ce. Daga nan duk matar da ta shafa humrata a daren bikinta, fuskar ɗana da ke ƙarƙashin ƙasa ce a kan kwalbar. Ni kuma da hannun nan zan riƙa cikawa ina liƙa masa fuska. Iklas, ba zan iya ba. Gara in koma yawo da tire.

Ki kuma tuna babanku. Tun da abin ya faru ya daina fita gasa tsiren agashe, yana zaune a bakin ƙofa da carbi. Ba ya riƙe waya, amma duk wanda ya wuce yana da ita. Wani zai tsaya ya ce: "Malam Haruna, ga ɗanka a talla." Ban san abin da zai rage na mutumin nan ba in ya gani.

Game da cikinmu kada ki ɗora wa kanki abin da ya fi ƙarfinki. Ba mu taɓa kwana biyu a jere da yunwa ba. Masu sayena na gaskiya suna nan, sun san hannuna. In kina so ki taimake ni, ki ɗauki hoton kwalaben su kaɗai a kan farin ƙyalle kamar yadda kika saba, ki tura wa masu biki, bayan kin tambayi lafiyar gidansu. A wurin aikinki ma ki nuna musu wannan. In masu hankali ne za su gane wadda ta san lokacin yin shiru ta fi amfani gare su.

Hoton yana cikin wayarki. Ban san yadda ake gogewa ba, ko na sani ma ba zan taɓa miki kaya a ɓoye ba. Kin girma, hukuncin naki ne. Abu ɗaya nake roƙo. In kin fito za ki tari raksha zuwa tashar mota ta Suk al-Shabi, ƙofar Batula tana kan hanyarki, kuma da safe tana zaune a zaure tana soya 'ya'yan gahawa na jabana. Dole dai ki shiga ki yi mata sallama, ita ta taya ni rainonki. In kin durƙusa, ki fito da wayar, ki riƙe hoton a gaban idonta, ki karanta mata rubutun da ke ƙasa da bakinki, da ƙarfi. In kin iya, ki sake shi ranar Juma'a, ni kuma na yi alkawari ba zan ƙara ce miki uffan ba. In hannunki ya ƙi fitowa daga jaka, to kin sami amsarki, kuma ki riƙe ta don duk saƙon da za ki tura a rayuwarki. A cikin dubun da za su karɓa, akwai wata Batula riƙe da waya da hannu biyu.

In kin cire kwalaben da rubutun, ki turo mini hoton shi kaɗai. Ba ni da wani inda yake dariya.

Na sa miki dilka da ƙaramar kwalbar humra a ƙasan akwati, cikin safa don kada ta fashe. Ki riƙe salla, ki ci abinci ko ba kya jin yunwa, ki kula da abin da kike rubutawa a waya don ba duk mai karantawa ne masoyi ba. Allah ya kai ki lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum, ya sa albarka a aikinki, ya dawo mini da ke ina raye. Allah ya jiƙan Usman da Siddiƙ, ya haskaka inda suke kwance, na ƙasa da na ruwa. Babanku yana sa miki albarka. Ni ma na sa, na yafe miki maganar jiya tun kafin ki rufe ƙofa, ke ma ki yafe mini.

Mahaifiyarki,
Asha'u